Idan Yaronmu Ya Shiga Damuwa a Makaranta, Wa Zai Faɗa Wa?

Mu iyaye mun san zazzaɓi da ciwon ciki, mun san inda za mu kai yaro. Amma akwai ciwon da ba a gani a jiki. Yarinya mai fara'a ta koma shiru, yaro mai ƙoƙari ya fara faɗuwa jarrabawa, abinci da barci suka gagara. Sau da yawa mukan ce taurin kai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da irin wannan ciwo na tunani.

Tun 1977 tsarin ilimi na Nijeriya ya ce a sa masu ba da shawara a makarantun sakandare. To, zama da su yana da amfani?

An gwada a Ingila. A makarantu 18 na birnin Landan an raba yara 329 kashi biyu. Kashi ɗaya sun riƙa zama da mai ba da shawara kowane mako har sau 10. Rahoton 2021 ya nuna damuwarsu ta ragu fiye da ta sauran, har bayan wata 6. Sauƙin ba mai yawa ba ne, amma na gaske ne.

A jihar Bihar ta Indiya ma an gwada wani shiri. Rahoton 2018 ya nuna inda aka ɗauki mutum musamman don aikin, baƙin cikin yara da cin zali sun ragu. Inda aka ɗora wa malamin aji aikin, ba a ga canji ba. Ba mu yi mamaki ba. Malami yana da aiki fal, yaro kuma ba ya buɗe cikinsa ga mai ba shi maki da horo.

Saboda haka ranar ziyara mu tambayi shugaban makaranta: akwai mai ba da shawara? Yana da lokaci? Yana riƙe asiri? A gida mu saurari yaro kafin faɗa, mu yi addu'a tare da shi, mu nemi taimakon fasto. Idan ya ambaci kashe kansa, mu kai shi asibiti a ranar. Allah ne ya ba mu amanarsu.