Kula da Aksul na Baya: Jan Hankali ga Direbobin Kasuwar Bodija

Tun da aka buɗe Kasuwar Bodija ta birnin Ibadan a 1987, manyan motoci ke sauke wake da masara da dawa a cikinta daga Arewa. Motar da ta taso daga Kano, ta bi ta Kaduna da Jebba da Ilori, takan ci fiye da kilomita 800 kafin ta iso, kuma mafi yawan nauyin lodinta a kan aksul na baya yake. In ya karye a daji, kaya su lalace, fatake su yi hasara, wani lokaci har a rasa rayuka.

Aikin aksul

A tsakiyar aksul akwai wata tukunyar ƙarfe mai ɗauke da haƙoran giya. Ita ke karɓar ƙarfin inji daga farfela ta raba wa ƙafafun baya. A kan kwana, tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya, haƙoran nan kuwa su ke ba kowace damar juyawa daidai da bukatarta. Muddin suka rasa mai, sai su yi zafi su cinye juna.

Abin da direba zai yi da kansa

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a tare tayoyi da katako. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A kwance notin zuba mai. Wajibi ne man ya kai bakin ramin. In ya gaza, a ƙara man giya irin wanda kamfanin motar ya ƙayyade, ba baƙin man inji ba. Man da ya yi fari kamar madara, ruwa ne ya shige shi, sai a juye a sake. Ɓarɓashin ƙarfe a jikin notin juyewa alama ce haƙora ko boris sun fara ci.

A share ƙaramar kafar shan iska da ke saman aksul. In ta toshe, mai yakan ɓalle ta gefen taya ya jiƙa birki, birki kuwa ya ƙi kamawa.

Abin da za a bar wa makanike

Kukan da ke ƙaruwa yayin da aka taka totur, ko ƙarar bugu lokacin tashi, ba aikin bakin hanya ba ne. Daidaita haƙoran tukunyar yana bukatar ma'auni da gwaninta, kuskure kaɗan kuwa ya isa ya ɓata sababbin kaya.

Babban abin da ke karya aksul shi ne lodin da ya wuce ƙa'ida. Saboda haka ana kira ga masu motoci da fataken Bodija da na unguwar Sabo su tuna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Buhu goma na ƙari ba su kai ran mutum ɗaya ba.