Zauren Kawu da Masallacin Dandaji

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Shagari a watan Afrilu, ya ratsa Boɗinga da tsakar rana, zai ga mutane jingim a gindin darbejiya, sababbin gine-ginen bulo da kwano kuwa ba kowa a ciki. Zafi ya haura digiri 40, kwano ya gasa ɗaki, dole a fito.

Zauren kawuna ba haka yake ba. Magini ne, kuma da hannunsa ya tayar da shi. Tubali ne mulmulalle, kaurin bangon ya kai kamu biyu daga ƙasa, aka jera azarar giginya, aka ɗora ƙasa, aka shafe waje da makuba saboda ruwan sama. Kana tsallake dokin ƙofa sanyi zai tarbe ka. A nan ake raɗin suna, a nan ake karɓar gaisuwar mutuwa, a nan dattawa ke sulhunta rikicin gona. Ina yaro na tambaye shi me ya sa ƙofar take gajera. Ya ce, "Yaro, don mai shigowa ya sunkuya, rana kuma ta tsaya a waje."

Ba baƙin taro a ginin ƙasa ba ne mu. A Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma ginin ƙasa ne ya ɗauki jama'arsa.

Na san abin da ya kore mu daga ginin ƙasa: yaɓe duk shekara, tsadar azara, da kunyar a ce gidanka na talaka ne. Amma a Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, an samo mafita. Mariam Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun hana a rushe tsohon masallacin garin. Suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa mai cin mutum 1,000, aka kammala a 2018. Da jar ƙasar wurin aka yi tubalin, sai dai inji ne ya matse ta da ɗan siminti, ta yi ƙwarin da ba ta neman yaɓe kowace damina. Maginan yankin ne suka yi aikin. Mata da yara ma sun sami wurin zama, suna shiga karatu tsakanin salla da salla.

Da na nuna wa kawu hotunan a waya, ya daɗe yana kallon rufin. Ya sa yatsa yana bin bakan ginin, sannan ya tambaye ni nawa ne kuɗin injin, kuma ko ƙasar kududdufinmu za ta yi.