Salaga, Birnin da Goro Ya Raya

A makaranta an karantar da 'ya'yanmu labarin Rumawa, yadda suka mallaki gaɓar Bahar Rum baki ɗaya, da yadda ƙarfinsu ya ragu bayan Bandalawa sun ƙwace Kartaj a shekarar 439, inda alkamar birnin Rum take fitowa, har aka tuɓe sarkinsu na ƙarshe na yamma a 476. Amma mu mazauna Tamale muna da irin wannan labari kusa da gida, kimanin kilomita 120 kudu maso gabas da mu, watau Salaga.

Wannan ita ce Gwanjar da kakanninmu suke nufi idan sun ce za su fatauci. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatun jima, ya ratsa Borgu, ya yi watanni a hanya kafin ya sauka. Abin da suka zo nema shi ne goro. Sai dai goro ba ya tsirowa a Salaga. Daga kurmin Asante ake kawo shi. Tun tsakiyar ƙarni na 18 Asante ta rinjayi ƙasar Gwanja, ta kuma fi son baƙin fatake su tsaya a Salaga maimakon su shiga kurmi da kansu. Wannan tsari ne ya cika garin da masu masauki da dillalai da malamai, da rijiyoyin da har yau ake ambatonsa da su. Ba kuma za mu ɓoye ba, a wannan kasuwa an sayar da bayi masu yawa, kuma wani ɓangare na arzikin garin daga nan ya fito.

A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi. Ganin Asante ta yi rauni, sai Gwanja ta balle, aka hallaka Asantawan da ke Salaga. Asante kuwa ta mayar da martani ba tare da yaƙi ba: ta karkatar da goro zuwa Kintampo. A ganinmu tun ranar nan Salaga ta fara mutuwa, ko da yake kasuwarta tana ci lokacin da Bafaranshen nan Binger ya ziyarce ta a 1888.

Abin da ya ƙarasa ta daga cikin gida ya fito. A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya zama yaƙin basasa, Kabachewura Isifa ya samo taimakon Dagombawa da Nanumbawa, aka ci garin, aka washe shi. Fatake da malamai suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, wasu har Kumasi da Ankara, suka ƙara wa zangunan can jama'a. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rubuta waƙa a kan wannan fitina, ya kuma rasu a Kete-Krachi a 1934.

Da Turawa suka tashi zaɓen mazaunin mulkin arewa, a 1907 sai suka kafa shi nan Tamale, manyan hanyoyi da ofisoshi suka biyo baya. Salaga tana nan, ita ce hedikwatar Gwanja ta Gabas a yankin Savannah, kuma a gidajenmu na zango akwai tsofaffin da idan aka tambaye su asali, sunanta suke fara ambata kafin su kai ga Kano.