Ƙurungu Biyu Masu Kama da Juna

Ana jawo hankalin masu cinikin kifin ado, wanda ake kiwo cikin akwatin gilashi, ga ƙurungu iri biyu da akan rikita su. Na kogin Kwango, wato Synodontis nigriventris, yana iyo a rigingine. Idanunsa manya ne, jikinsa dabbare-dabbare, tsawonsa kuwa ba ya wuce santimita 10. Na gida, Synodontis nigrita, yana kogin Kwara da tafkin Chadi. Toka-toka ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, yakan kai santimita 20. Shi ma yakan juya rigingine, don haka iyo ba shaida ba ne. Wanda ya sayi na gida bisa kuskure, ƙaramin akwati ba zai ishe shi ba. Mai saye ya dubi ido da zanen jiki kafin ya biya.