Gansakukar da ake kankarewa a Kebbe, a wasu ƙasashen renonta ake yi

Da zarar damina ta kankama a Kebbe da Tambuwal, daga Yuli zuwa Satumba, sai bakin rijiyoyi, gindin katangu da duwatsun marmara su yi kore shar da gansakuka. Mafi yawan jama'a ƙazanta suke ɗaukar ta, kuma suna da hujja: a bakin rijiya santsinta na kayar da mata da yara masu ɗiban ruwa, a jikin ginin ƙasa kuwa alama ce ta danshi ya shiga.

Sai dai a wasu wuraren neman ta ake yi. A birnin Kyoto na Japan akwai lambun Saiho-ji mai nau'in gansakuka sama da 120, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. A Ingila, masu gyaran tsofaffin gine-gine kan shafa wa sabon dutse kindirmo ko ruwan kashin shanu domin ya yi saurin kama da tsoho.

Akwai kuma wani tabo mai kama da ɓawo, toka-toka ko ruwan ɗorawa, da ke manne wa dutse, wanda masana ke kira laiken. Tun 1867 masanin tsirrai Simon Schwendener ya nuna cewa halittu biyu ne a haɗe: funfuna na samar da mafaka, ƙwayoyin tsiro kuma na haɗa abinci da hasken rana. Wasu nau'o'insa ba sa ƙaruwa ko da milimita ɗaya a shekara.

Me ya haɗa manomin Kebbe da wannan? Zaizayar ƙasa. Gansakuka da danginta na riƙe ƙura da laima a tsakanin duwatsu, kuma daga nan ciyawa ke samun gindin zama. Manoman Tawa a Nijar da na Yatenga a Burkina Faso sun daɗe suna jera duwatsu a gonaki domin rage gudun ruwan sama. Idan aka bar jeren ya zauna, ƙasar da ta taru a bayansa ita ce ribar.

Hanyar ba ta da tsada. A zaɓi dutse mai kaushi, a ajiye shi a inuwar bishiya, a cusa ƙasa a tsagoginsa, sannan a dasa ɗan yankin gansakuka a farkon damina. Idan rani ya zo ta bushe ta yi baƙi, kada a kankare ta, domin ruwan farko zai farfaɗo da ita. Manyan abokan gabanta su ne ƙona daji da tattakin dabbobi.

A wanke bakin rijiya, a gyara gindin katanga, amma ta dutsen gona a ƙyale ta. Abin da wuta ta cinye a yini guda, sai an yi damina da yawa kafin ya dawo.