Ranar Ƙidayar Gona Ba Ranar Zuwa Kasuwa Ba Ce

Tun da matsalar tsaro ta ta'azzara a Arewa, rundunar sojan sama take ta buɗe sansanoni tana faɗaɗa tsofaffi. Ga na Kaduna da Maiduguri da aka daɗe da sani, ga na Bauchi da Katsina, ga na Kainji inda aka ajiye jiragen Super Tucano da suka iso a 2021. Jirgi kuwa ba ya sauka a lungu. Fili yake so mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, kuma duk inda ka ga irin wannan fili, gonar wani ce.

Kowa ya san Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon karɓar fili don amfanin jama'a. Abin da manoma da yawa ba su gane ba shi ne sashe na 29. Diyyar da ake biya ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, rijiya, shuka, itatuwa. Ita ƙasar kanta, ko tun kakan kakanka kuke nomanta, kusan ba ta shiga lissafi.

To a nan ne sakacin mutanenmu yake ba ni haushi. Jami'an ma'aikatar filaye za su sa rana, mai unguwa ya yi shela, su zo da takarda da biro suna bin gonaki ɗaya bayan ɗaya. Sai ka tarar mai gona ya tafi cin kasuwa, ya turo yaron da bai san inda iyakar gonar ta tsaya ba. A tambayi yaro ɗorawa nawa ce, ya ce "kamar uku", alhali bakwai ce, ban da kaɗanya da mangwaron da ke bakin rafi. Abin da aka rubuta ranar nan shi za a biya. Bayan shekara, an kewaye wurin da waya, katafila ta tumɓuke itatuwan, sannan malam zai fara yawo ofis-ofis yana cewa an cuce shi. Da me za ka kafa hujja? Da kututturen da ke cikin sansanin soja?

Wani kuma da ya ji ƙishin-ƙishin, sai ya sayar wa dillali gonar a wulaƙance. Wani ya dangwala yatsa a takardar wakilcin da ba a karanta masa ba, ba zai san kason da ya sallama ba sai ranar biya.

Jama'a, ranar ƙidaya ka tsaya a gonarka da ƙafarka. Ka riga su ƙirga itatuwanka iri-iri, ka ɗauki hotonsu da waya, ka kira maƙwabtan iyaka su shaida. Kada ka sa hannu sai ɗanka ko wani amintacce ya karanta maka, kuma ka ɗauki hoton takardar. In gonar gado ce, magada su daidaita tun kafin ranar, don kada a rubuta sunan mutum ɗaya a bar mata da marayu.

Kada a tuge turakun awo, kada a yi sa-in-sa da soja, wannan ba ya dawo da gona. Wanda bai gamsu da kuɗin ba, sashe na 30 ya ba shi damar kai kuka ga kwamitin rabon filaye na jiha, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 kuma ya wajabta a biya diyya ba da jinkiri ba. Ku haɗu ku nemi lauya tun itatuwan suna tsaye.