KATSINA DA MARAƊI: INA TALAKA YA FI SAMUN SAUƘIN MAGANI?

Tsakanin birnin Katsina da Maraɗi tafiyar mota ce ta 'yan sa'o'i ta hanyar Jibiya. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, kuma zazzaɓin cizon sauron da ke kwantar da yara da damina a nan shi ne ke kwantar da su a can. Amma hanyar da gwamnatocin biyu suka bi wajen kula da lafiyar jama'a ta bambanta ƙwarai.

Wanda ya dubi gine-gine zai ce Katsina ta yi fintinkau. Akwai Babban Asibitin Katsina, da asibitin ƙwararru na Janar Amadi Rimi, da na mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, ga kuma asibitin Gwamnatin Tarayya wanda aka mai da shi asibitin koyarwa. To, amma shiga asibiti daban, samun magani daban. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci suke fitowa, watau kuɗin kati da na gwajin jini da na allura. An fara shirin inshorar lafiya na ƙasa a 2005, aka kuma sake dokarsa a 2022 don ya zama wajibi ga kowa, sai dai har yanzu ma'aikatan gwamnati ne suka fi cin moriyarsa. Manomin da ke Ɓatsari ba shi da albashin da za a yanka a ƙarshen wata.

Ita kuwa Jamhuriyar Nijar, wadda kowa ya san ba ta kai mu arziki ba, daga ƙauye ta faro. Tun daga 2001, a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara har kimanin 2,000, aka sa ma'aikatan da aka koya wa gane zazzaɓi da gudawa da ciwon huhu, cututtukan da suka fi hallaka ƙananan yara. A 2006 aka soke karɓar kuɗin magani daga yara 'yan ƙasa da shekara 5, haka nan da awon ciki. Aka haɗa da rabon gidan sauro da sinadarin bitamin A. Wani bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa a cikin kowaɗanne yara 1,000 da aka haifa, waɗanda ke mutuwa kafin su cika shekara 5 sun ragu daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009. A Nijeriya kuwa, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami 132, kuma na jihohin Arewa maso Yamma ya ɗara haka nesa.

Kada mai karatu ya ɗauka can aljanna ce. Gwamnatin Nijar ta sha jinkirta biyan asibitoci kuɗin maganin da suka bayar kyauta, bashi ya yi ta taruwa, har ta kai uwa ta je a duba ɗanta kyauta amma a rubuta mata takarda ta je ta saya a kanti. Duk da haka ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labarin cewa iyaye mata daga Nijeriya suna ƙetare iyaka da 'ya'yansu masu tamowa zuwa yankin Madarumfa, kuma a 2021 ta buɗe aikinta a Jihar Katsina. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon shekarar, saboda ba su sami kulawa da wuri ba.

Abin takaici shi ne dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, a kan ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi da allurar rigakafi ya ɗora aikinsa. A Abuja ne kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta taɓa cika shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Ma'aikacin da takardun wannan asusu ke bi ta teburinsa shi ya fi kowa sanin ko kuɗin na isa ɗakin shan magani na Jibiya kafin damina ta faɗi.